Yini Ɗaya a Bakin Tekun Iskandariyya: Abin da Uwargida Za Ta Gani Kafin Jirgi Ya Ɗaga

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A 'yan shekarun nan, wasu iyalai da Allah ya hore wa hali sun fara sanin wata irin tafiya da iyayenmu ba su saba da ita ba, wato hutu a cikin jirgin ruwan yawon buɗe ido. Jirgi ne kamar unguwa guda, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da filin wasan yara. Cikin dare yake tafiya, gari na wayewa sai ya yada zango a wata tasha, a ba fasinjoji 'yan sa'o'i su sauka su ga gari, da yamma kuma a ɗaga sai wata ƙasar.

Daga cikin tashoshin da irin waɗannan jirage kan tsaya a tekun Bahar Rum akwai Iskandariyya, birni na biyu a girma a ƙasar Masar, inda su kansu Misirawa ke zuwa shan iska idan zafi ya matsa musu a Alƙahira. A wannan watan za mu zaga da ke, uwargida, a kan doguwar hanyar bakin tekun wannan birni, mu nuna miki abin da ya cancanci ki gani, da abin da za ki haƙura da shi, da kuma yadda za ki koma jirgi da 'ya'yanki cif-cif kafin a janye tsani. Zango dai ba zama ba ne. Wadda ta zaɓi wurare kaɗan ta gan su a natse ta fi wadda ta so ganin komai ta dawo da gajiya kawai.

Dala ko bakin teku?

Shawarar farko da za ku yanke da maigida tun a cikin jirgi ita ce wannan. Yawancin fasinjoji da sun sauka sai su faɗa manyan motocin safa a nufi Alƙahira don ganin dalar Giza. Babu laifi, gani ya kori ji. Amma ki sani tsakanin Iskandariyya da Alƙahira akwai kimanin kilomita 220, tafiyar wajen sa'a 3 zuwa, sa'a 3 dawowa, ban da cunkoson cikin gari. Kusan rabin yinin a kujerar mota zai ƙare. Ga mai goyo, ko mai juna biyu, ko wadda ta zo da tsohuwa mai ciwon ƙafa, wannan wahala ce ba hutu ba.

Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Idan jirginku kwana zai yi a tasha, to ana iya ba dala yini ɗaya, a ba gari ɗaya. Idan kuwa yini ɗaya ne tal, kuma kina da ƙananan yara, shawararmu ita ce ki tsaya a Iskandariyya. Abin kallo da na tarihi da ke cikinta ya ishe ki, kuma kusan duk a jere suke a kan hanya guda.

Hanyar da ake kira Kurnish

Wannan hanya Misirawa na kiranta Kurnish. Titi ne mai faɗi da ya bi gaɓar teku tun daga sansanin Ƙaitbai a yamma har zuwa lambun Muntaza a gabas, tsawon fiye da kilomita 15. A gefe guda dogayen benaye ne da shagunan shan shayi da otal-otal, a ɗaya gefen kuma dakalin masu tafiya a ƙasa da gajeriyar katanga, sai ruwa iyakar ganinki. A kan wannan katanga za ki ga rayuwar garin: masunta da dogayen sandunan ƙugiya, iyaye mata da yara suna cin gasasshiyar masara, tsofaffi suna jan carbi suna kallon kwale-kwale.

Ba wanda zai taka hanyar nan daga farko har ƙarshe da yara a yini ɗaya. Abin da ya fi daɗin bi shi ne ɓangaren da ya kewaye tsohuwar tashar gabas kamar jinjirin wata, daga sansanin Ƙaitbai zuwa babban ɗakin karatu, wanda bai wuce kilomita 5 ba. Manyan jirage ba a nan suke tsayawa ba, a tashar yamma suke, don haka sai an ɗan shiga mota daga ƙofar tasha zuwa bakin Kurnish.

Tun kina saman jirgi lokacin shiga tasha, ki duba za ki hango wata doguwar fada a bakin ruwa. Fadar Ra'asut Tin ke nan. A cikinta ne Sarki Faruk ya sa hannu ya sauka daga gadon sarauta ranar 26 ga Yuli, 1952, ya bar wa ɗansa jinjiri ɗan wata 6, ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar. Shi ya sa ɓangaren yamma na Kurnish ake kiransa Titin 26 ga Yuli.

Kafin ki taka ƙasa

Abu mafi muhimmanci a wannan yini shi ne agogo. Kowane jirgi yana sanar da lokacin da ake so kowa ya dawo, galibi rabin sa'a kafin tashi. Idan rangadin da kamfanin jirgin ya shirya kuka bi kuka makara, jirgi zai jira ku ko kamfanin ya san yadda zai yi da ku. Idan kuwa da kanku kuka fita, ba dole ba ne a jira ku, kuma kuɗin tarar da jirgin a ƙasa ta gaba daga aljihunku zai fito.

A nan akwai wani tarko. Masar tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a 1 a lokacin sanyi, amma tun shekarar 2023 ta dawo da tsarin ƙara sa'a guda daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai tazarar ta zama sa'a 2. Wani lokacin kuma agogon jirgi daban yake da na garin da aka sauka, wayar hannu kuwa da kanta take sauya lokaci. Don haka ki ɗaura agogon hannu, ki saita shi da na jirgi kafin ki sauka, da shi za ki yi aiki.

Ki riƙe katin jirgi na kowane mutum a jakarki, da takardar da ake rabawa kullum mai ɗauke da lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Kowane yaro a saka masa 'yar takarda a aljihu mai sunan jirgi da lambar wayar mahaifinsa. Maganar biza kuwa tun a gida ake gama ta. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar shiga Masar, kuma kowace ƙasa da jirgin zai tsaya tana da nata sharaɗin, don haka maigida ya nemi bayani a rubuce kafin ya biya ko sisi. Haka ma batun abinci: jirage da yawa suna sayar da giya da naman alade, sai an nemi abincin halal tun wajen yin rajista. Akwai kamfanin Aroya na Saudiyya da ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024, wanda abincinsa halal ne kuma ba ya sayar da giya.

Ki yi alwala kafin ki sauka, ki sa takalmi marar tsini, ki ɗauki ruwan gora da hular yara. Hijabinki ba baƙon abu ba ne a wannan gari, sai dai ki kama shi da fil sosai, don iskar teku ba ta da kunya.

Sansanin Ƙaitbai

Ku fara da sansanin Ƙaitbai da sassafe kafin rana ta yi zafi. Gini ne na farin dutse a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa. Sarkin Masar Al-Ashraf Ƙaitbai ne ya sa aka fara gina shi a shekarar 1477 don tsare gari daga harin jiragen yaƙi, aka gama cikin kimanin shekara 2. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin masallaci da ɗakunan dakaru da tagogin da ake hango abokan gaba. A 1882 jiragen yaƙin Ingila sun yi wa garin ruwan wuta, sansanin ya sha ɓarna, daga baya aka gyara shi.

Abin da za ki gaya wa yara a nan shi ne abin da ya riga sansanin zama a wurin. A daidai wannan fili ne aka gina hasumiyar Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai tsawon fiye da mita 100, ana hura wuta a samanta don nuna wa jirage hanya. Mutanen da sun lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi 7 na duniya. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cin ta, musamman ta 1303 da ta 1323. Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta ya gan ta a 1326 wani gefenta ya zube, da ya dawo a 1349 ya tarar ko shiga ba a iya yi. Shi ne dai wannan Ibn Batuta da ya iso Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353. Wasu daga cikin duwatsun hasumiyar an yi amfani da su wajen ginin sansanin, wasu kuma har yanzu suna kwance a ƙarƙashin ruwan da kike kallo. Abin da aka ɗauka ba zai taɓa faɗuwa ba, yau sai labari.

A saman ganuwa ki riƙe hannun ƙananan yara, don akwai wuraren da katangar ba ta da tsayi. Sa'a 1 ta isa a nan.

Dandalin Masallatai

Daga sansanin, tafiya kaɗan a kan Kurnish za ta kawo ku unguwar Anfushi, inda masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, da ƙubbobinsa masu zane da hasumiyarsa mai tsawon mita 73. Shi wannan malami an haife shi a garin Mursiya na Andalus, cikin Sifen ta yau, a 1219, ya yi karatu wajen Shehu Abul Hasan Shazali, ya zauna a Iskandariyya yana karantarwa har ya rasu a 1287. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi a 1945. Mata suna da ƙofarsu da sashensu daban, matambayi ba ya ɓata, ki tambayi masu tsaron takalma su nuna miki.

Daura da shi akwai wani ƙaramin masallaci da sunansa ba zai zame miki baƙo ba, wato masallacin Imam Busiri. Shi ne mawallafin Burda da Hamziyya, ƙasidun yabon Manzon Allah (SAW) da ake rerawa a makarantu da zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Busiri almajirin Abul Abbas ne. An ruwaito cewa shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ya tsara Burda a cikin wannan hali, ya yi mafarki da Annabi (SAW) ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya, daga nan ƙasidar ta samo sunanta. A cikin masallacin ne kabarin da ake danganta masa yake, kuma an rubuta baitocin Burda a jikin bango. Yarinyar da ta taɓa jin ƙasidar a bakin kakarta, ranar nan za ta gane cewa mutum ne ya rubuta ta, a wani gari na gaske, fiye da shekara 700 da suka wuce.

Ku daidaita tafiyarku Azahar ta same ku a nan. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, amma wanda ya bi limamin gari cika sallarsa zai yi. Idan ranar Juma'a ce, dandalin kan cika maƙil, sai ku zo da wuri ku kuma sa wurin haɗuwa da maigida bayan an sallame.

Abincin rana

Anfushi unguwar masunta ce, kuma kifi shi ne abin alfaharin garin. A yawancin gidajen abinci ba a kawo miki takardar zaɓi. Za a kai ki gaban kifi ɗanye a kan ƙanƙara, ki nuna wanda kike so, a auna a sikeli, ki faɗi ko gashi ko suya. A nan ne ake yi wa baƙo tsada, don haka ki tambayi kuɗin kilo, ki ga an auna a gabanki, ki ji jimilla kafin a ɗora a wuta. Dubarki ta kasuwa ita za ta yi miki aiki: ido mai haske, jan haƙarƙarin numfashi, tsoka mai tauri. Ki nemi shinkafar da suke kira sayyadiyya, wadda ake dafawa da soyayyiyar albasa har ta yi ruwan ƙasa. Idan akwai yaron da jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ki faɗa tun farko.

Garin ya kuma shahara da soyayyiyar hanta mai yaji a cikin burodi, da dafaffen wake da suke kira ful, da ruwan rake da ake matsewa nan take. Amma ga yara, a tsaya ga abin da aka dafa da zafinsa da ruwan gora. Gudawa a cikin jirgi tana iya sa likitan jirgi ya killace mutum a ɗakinsa, hutu ya lalace.

Daga Manshiyya zuwa ɗakin karatu

Bayan cin abinci sai ku miƙa gabas. Za ku wuce ta gefen dandalin Manshiyya, inda Shugaba Jamal Abdul Nasir ya tsaya ranar 26 ga Yuli, 1956, ya sanar da cewa mashigin ruwan Suwes ya koma hannun Masar. Gaba kaɗan sai dandalin Sa'ad Zaglul da tsofaffin benaye masu fasalin ginin Turai, shaidar zamanin da Girkawa da Italiyawa da yawa suka zauna a garin. Idan ƙafar yara ta gaji, a tari tasi, baƙa da rawaya ce, ko karusar doki.

Ƙarshen zagayenku shi ne babban ɗakin karatu na Iskandariyya, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2002 don tunawa da tsohon ɗakin karatun birnin da ya shahara a zamanin da. Rufinsa kamar faifai ne da aka jingina yana fuskantar teku. Bangonsa na waje dutsen Aswan ne, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kimanin 120 a jikinsa, sai ki sa yara gasar nemo baƙaƙen Larabci da na boko. An gina shi da girman ɗaukar littattafai miliyan 8. A ciki akwai zauren karatu mai hawa-hawa kamar matakala, da gidan adana rubuce-rubucen hannu, da sashen yara, da sashen makafi mai sunan marubuci Ɗaha Husaini, da wani ɗaki mai siffar ƙwallo da ake nuna taurari. Lokutan buɗewa kan bambanta a ranakun Juma'a da Asabar, kuma akwai ƙa'idar shekarun yaran da ake bari su shiga babban zaure, don haka ki bincika tun a jirgi.

Lambun Muntaza kuwa, da gadar Istanli da aka buɗe a 2001, suna can gabas sosai. A Muntaza akwai fadoji biyu, Salamlik ta 1892 da Haramlik ta 1932, sunayen da ke nufin ɓangaren baƙi da na iyali, kamar dai zaure da cikin gida a wurinmu. Wuri ne mai kyau, amma cunkoson yamma a kan Kurnish yana iya cinye sa'a guda ko fiye. In ba jirginku kwana zai yi ba, ki bar Muntaza sai wani jiƙon.

Titi da ruwa

Haɗari biyu ne suka sa Kurnish a tsakiya. Na farko titin kansa. Layukan mota ne da yawa, direbobi suna gudu, kuma ba kasafai suke tsaya wa mai tafiya a ƙasa ba. Kada ki ga 'yan gari suna kutsawa tsakanin motoci ki ce za ki kwaikwaya da yara 3 a hannu. A wasu wurare akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu tsallakawa, a wasu akwai danja ko ɗan sanda, ki nemi waɗannan ko da za ki ƙara tafiya. Mafi sauƙi, ki ce wa direba ya sauke ku a gefen da kuke so tun farko.

Na biyu ruwa. Za ki ga an jibge manyan tubalan siminti a gaɓa don kare hanya da gine-gine daga cin teku, wanda ke ƙaruwa saboda hauhawar ruwa. Samari kan hau su ɗauki hoto, amma suna da santsi, igiyar ruwa kuma ba ta sallama. Yaron da ya saba da wankan rafi ko kududdufi bai san jan teku ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ana samun guguwa da ruwan sama da mutanen garin ke kira nawwa, har ruwa ya riƙa tsallake katanga ya zubo kan titi. A irin wannan rana a koma gefen benaye. Yuli da Agusta kuma lokacin cikowar 'yan hutu ne, sai a ninka sa ido.

Ciniki da ladabin baƙunta

Kuɗin ƙasar fam ne, su suna cewa gine. Larabcin Islamiyyarki zai yi miki rana, sai dai ki san cewa Bamisire yana furta jimun kamar "ga", ƙaf kuma ya haɗiye ta. Ki riƙe ƙananan kuɗi don mai tsaron takalma da banɗaki. Da mai tasi da mai karusa, a gama ciniki kafin a hau, a kuma tabbatar kuɗin na kowa da kowa ne ba na mutum ɗaya ba, kuma fam ne ba dala ba. Mai tallan da ya matsa miki, "la, shukran" ta ishe shi, ki wuce abinki. Kada a ɗauki hoton sojoji, ko 'yan sanda, ko cikin tashar jirage, haka kuma kada a ɗauki matan mutane ba da izininsu ba, kamar yadda ke ma ba za ki so a yi miki ba. Ku riƙa tafiya a rukuni, 'yan mata a tsakiya.

Lokacin komawa

Duk inda kuke, idan ya rage sa'a 2 lokacin da aka ɗiba ya cika, to a juya. Ko da tsarabar gwaggo ba ta cika ba, ko da yara suna roƙon ƙarin minti 5. A ƙofar tasha akwai layin bincike, daga ƙofa zuwa jikin jirgi ma tafiya ce. Gara ku zauna a saman jirgi kuna shan shayi kuna kallon masu gudu, da a ce ku ne ake kallo.

Da daddare, kafin barci ya kwashe su, ki tambayi kowane yaro abu ɗaya da ya gani da abu ɗaya da ya koya, ki sa manyan su rubuta a littafi. Kuɗin da aka kashe a tafiya ba ya dawowa, tsaraba kuma takan tsufa, amma yaron da ya tsaya inda hasumiya ta faɗi, ya yi sallah kusa da mai Burda, ya ga gidan da aka gina wa littafi kamar fada, ya samu abin da zai daɗe yana amfana da shi.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a cikin zuri'armu, amin.